Fatar Na'ibi

In ka sauka a tashar Cadawa ka ce a nuna maka gidan Tahiru majemi, ba wanda zai wahalar da yatsansa. Cewa za a yi ka bi hancinka. Ran da iska ta juyo daga bayan gari, har masu shayin bakin titi sukan san ko yau toka ake kwashewa ko kashin kaji aka jiƙa. Shi kuwa Tahiru rantsuwa yake yi bai taɓa jin wani wari ba, sharrin mutane ne kawai.

Aiki dai ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Fatar jar akuya in ta bi ta hannunsa, ta sha toka, ta sha bagaruwa, ta sha man gyaɗa, sai ka dunƙule ta a tafin hannu ka sake ta, ta miƙe sumul. Dukawan Maraɗi da kansu suke aiko masa. Matsalar Tahiru ɗaya ce, baki. Kakansa daga cikin Birnin Katsina ya fito, da kartaji ɗaya, wato ƙarfen nan mai mariƙi biyu da ake kankare gashin fata da shi, a cikin burgami, jakarsa ta fata, kuma tun daga ranar zuri'arsu ba ta bar mutanen Cadawa sun huta da labarin ba. Tahiru zai faɗa maka kaurin ganuwa, da yawan ramukan jima da ke gindinta, da yadda fatake ke ɗora jar fata a raƙuma su keta hamada da ita. Sau biyu ya taɓa zuwa Katsinar. Zuwan farko bai wuce tasha ba, na biyu kuma ciwon ciki ya kwantar da shi a gidan mai masauki. Amma kada ka kuskura ka tuna masa.

Mutum ɗaya ce ke tuna masa, kuma a gaban kowa: Suwaiba, ɗiyar gwaggonsa. Taubasai ne, tun suna yawo ba wando suke wasa, ita kuma Allah ya hore mata harshe. Ita ta raɗa masa Sarkin Wari, sunan ya bi shi har sahun masallaci. In ya shiga gidan suna sai ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "A ɗaga labule, Birni ya iso." Shi kuma ya ce baiwarsa ce ta gado, ta zo ta kawar masa da takalmi. Shekara hamsin ana haka, bai taɓa kayar da ita ba ko sau ɗaya.

To, a bana wasan ya tsaya. Mijinta, Malam Lurwanu, limamin unguwarsu, ya rasu bayan ƙaramar Salla, ta shiga takaba. Cikin abin da ya bari akwai wani rago uda, rabin gabansa baƙi, rabin bayansa fari fat, da wani baƙin tambari a ɗuwawun hagu, faɗin tafin hannu. Shekara biyu Malam na kiwonsa da dusa da harawa, har ragon ya koyi binsa masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa sai an sallame su dawo tare. Shi ya sa mutanen unguwa suka sa masa Na'ibi. Malam ya yi niyyar layya da shi, kuma tun yana kwance ya bar wasiyya a cika masa niyyarsa. Ran Babbar Salla aka yanka. Suwaiba ko romon ba ta kurɓa ba.

Washegari da hantsi sai ga Nazira, babbar ɗiyarta, ta baro gidan mijinta ta zo majema da kanta, fatar na cikin kwarya, an barbaɗa mata gishiri an naɗe ta gashi a ciki.

"Kawu, Inna na gaishe ka. Ta ce buzu take so a yi mata. Kada a taɓa gashin nan, ko sili ɗaya. A kansa za ta yi sallar farko ran da ta fita takaba."

"Ni za a koya wa buzu?" in ji Tahiru. "Ki tahi ki ce wa baiwata ta kwantar da hankalinta. Buzun da zan yi mata, ko a cikin birni sai gidan manya."

Nazira ta yi murmushin dole, ta tafi tana share ido.

Ga wanda bai sani ba, aikin buzu daban, aikin jima daban. Fatar da za a jeme ana jefa ta cikin ruwan toka ta kwana biyu ko uku, gashin ya saki, a kankare shi tas. Ta buzu kuwa ko kusa da toka ba ta zuwa. Cikinta kawai ake karcewa, a shafe shi da bagaruwa, a kafe ta a inuwa, gashin na nan yadda Allah ya shuka shi. Wannan jinjirin majemi ma ya sani. Tahiru ya ɗauki fatar Na'ibi ya aza ta gefe, a kan kututture, ya ce bari ya gama da tarin fatun Salla da ke gabansa tukuna, don damina ce, in aka yi sake sai su ruɓe.

Ana nan sai Mushe Aminu ya yi sallama. Tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, tun da ya aje aiki ya ɗauki ɗabi'ar yawo da wayar salula yana ɗaukar hoton tsofaffi suna ba da tarihin sana'a. Ya daɗe yana neman Tahiru, in ji shi. Kai, wa ya ga Tahiru! Nan da nan ya gyara hula, ya karkaɗe riga, ya yi gyaran murya. Ya ɗauko ganuwa tun daga tushe. Ya bi ta ramukan jima, ya bi ta raƙuma. Da ya zo kan kakansa kuwa sai ya ce ai wannan ba a faɗa da baki, sai an gwada.

"Ka ga kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya duban fata. Hannu ne ke gani. Haka yake yi."

Ya kafe idonsa a kan salular, ya miƙa hannu baya ya ɗauko fata, ya wurga ta cikin kwatarniyar toka, cuɓul. Ya sake miƙawa, cuɓul. Mushe na ta "madalla, madalla," shi kuma hannu na ta tafiya, ta dama ta hagu, har tarin ya ƙare, hannun ya ƙara gaba ya lalubo abin da ke kan kututture.

"Mu 'yan birni," in ji Tahiru, yana danna fatun da sanda su nutse, "ba mu san kuskure ba."

Ya raka Mushe har bakin titi yana ƙara masa abin da ya manta.

Fatun Salla sun yi yawa a shekarar, kwana biyu Tahiru bai sami kansa ba. Sau ɗaya ya ɗan waiga kututturen ya ga ba komai, ya ce a ransa ai Zaituna ce, matarsa, ta shigar da ita ɗaki saboda ruwa, mace mai hankali. Ran na uku da safe ya zo kwashe toka. Ya ciro ta farko, ya ciro ta biyu. Ta bakwai da ya ɗago, sai ya ga gashi na zamewa a hannunsa, rabi baƙi, rabi fari. Ya tsaya. Ya juya ta. Ga tambarin nan a ɗuwawun hagu, yana kallonsa, ya kai yatsa ya taɓa, tambarin ya biyo yatsan.

Tahiru ya zauna daɓas a cikin caɓi. Salati ya so yi, bakin ya ƙi buɗuwa, abin da ba a taɓa gani ba.

A haka Zaituna ta same shi da ta kawo masa fura. Ta dubi mijinta, ta dubi abin da ke hannunsa, ta aje kwaryar a hankali.

"Maigida, ba dai Na'ibi ba ne?"

"Ke ba ki shigar da ita ɗaki ba?"

"Ni? Shekara talatin kana ce mini hannun mace bai taɓa fatar birni, yau kuma ni ce mai shigarwa ɗaki?"

Da la'asar, kamar an aiko shi, sai ga Mushe Aminu ya dawo da murna ya nuna musu yadda hoton ya fito. Tahiru ya ga kansa da idonsa: hula a karkace, gemu a sama, hannu ya zarce kan kututture ya suri fatar Na'ibi ya cilla. Daidai nan bakinsa ke cewa ba su san kuskure ba. Mushe bai gane komai ba, tunda fatar a naɗe take. Zaituna ta gane. Ta ce wa Mushe don Allah ya maimaita wurin, ba ta ji da kyau ba. Sau uku ta sa aka maimaita.

Da Mushe ya tafi ta daina dariya. "Ka je ka faɗa mata," in ji ta. "Yau, tun da sauran rana."

"In faɗa wa Suwaiba? Kin san abin da kike cewa? Har in mutu ba ni da sauran baki a garin nan. Ran jana'izata ma sai ta ba da labarin."

Wannan shi ne abin da ya faɗa. Abin da bai faɗa ba ya fi nauyi. Ya san littattafan Malam sun tafi wurin ƙannensa, gona an raba, riguna an yi sadaka da su. Abu ɗaya matar nan ta roƙa a bar mata, kuma shi ta ba amana, shi da take kira Sarkin Wari a gaban jama'a. Kunyar ta kama shi har ya kwana bai ci tuwo ba.

Fatar dai bai jefar ba, majemi bai iya jefar da fata. Ya kankare ta, ya wuce da ita duk matakan aiki, kashin kaji, bagaruwa, mai, ya rina ta ja da karan dafi, ya naɗe ta ya cusa a bayan randa inda ido bai kaiwa. Sannan ya shirya abin da ya kira dabara.

"Uda ai uda ne," ya ce wa Zaituna. "Gaba baƙi, baya fari. Allah bai halicci guda ɗaya ba."

"To," in ji ta. In Zaituna ta ce "to" ita kaɗai, mai hankali yakan sake tunani.

Haka Tahiru ya zama ɗan kasuwa da tsufansa. Ran kasuwar Agiye ya shiga taksin daji, aka matse shi tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji, wadda ta yi ta tambayar direba ko mushe aka taka. Ya zagaye mahauta kaf. Wannan uda baƙinsa ya zarce har ciki, wancan baƙin ja-ja ne, wancan kuma ƙarami ne, buzunsa ko gwiwa ba zai ɗauka ba. Ya je Gazawa, ya dawo hannu wofi. Ya je rugar Fulani a bayan gari yana zagaya tumaki yana leƙa ɗuwawunsu ɗaya bayan ɗaya, har makiyayin ya riƙe sandarsa da kyau ya tambaye shi ko lafiya. Mutumin da da ba a raba shi da majalisa, yanzu in an ce masa ya ba da labarin birni sai ya ce kansa ke ciwo. Mutane suka fara cewa rasuwar Malam Lurwanu ta taɓa Tahiru ƙwarai, ashe haka suke da shaƙuwa.

Sai a sati na biyar wani mahauci a Gazawa, Ɗanasabe, ya aiko masa cewa an kawo uda ƙato. Tahiru ya je ya tsaya a kansa aka feɗe, yana ta faɗa kada wuƙa ta huda. Tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, inda baƙi ya tsaya fari ya fara, daidai. Abu ɗaya ne babu, tambarin ɗuwawu.

Baƙin da dukawa ke rina fata da shi bai kama gashi. Ya gwada a gefe, ya wanke. Ya gwada baba, ya fito shuɗi. Daga ƙarshe dai ba yadda ya iya, ya shiga kantin bakin tasha, ya jira mutane suka ragu, ya rage murya ya ce a ba shi baƙin nan da ake shafa wa furfura.

Mai kanti ya dubi gemunsa. "Baba, za a koma samari ke nan?"

"Ba nawa ba ne."

"Kowa haka yake cewa, Baba. Ka bar shi ya yi minti ashirin kafin ka wanke."

Kafin magariba rabin Cadawa sun ji Tahiru zai rina gemu. Kwana uku mutane na zuwa gaishe shi ba dalili, suna kallon haɓarsa.

Amma fa buzun ya yi. Gaskiya a faɗe ta, tun da Tahiru ya kama sana'a bai taɓa yin irinsa ba. Ya karce cikin har ya yi laushin zane, ya wanke gashin da sabulu sau huɗu, ya taje shi da mataji, ya datse gefe, ya bi shi da jar fata. Tambarin kuwa ya zauna a ɗuwawun hagu, faɗin tafin hannu, ka rantse da shi aka haifi ragon. Ya shimfiɗa a gaban Zaituna yana jiran yabo.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Ragon wa ye?"

Ya naɗe buzun ya shige ɗaki.

Ran fitar takaba gero ya riga ya fitar da kai. Gidan Malam ya cika da mata tun da safe, an yi waina, an yi sadaka. Tahiru ya jira har rana ta ɗaga, mutane suka ragu, sannan ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki buzun a hammata. Da zai fita Zaituna ta miƙo masa burgaminsa. Ya ji shi da nauyi, ya leƙa, ya ga jar fatar bayan randa. Ya dube ta, ta juya tana gyara itace a murhu. Ya so ya aje, sai ya ga ajewar ta fi ɗaukar wuya, ya rataya ya fita.

Nazira ta shigar da shi tsakar gida. Suwaiba na zaune a tabarma gindin darbejiya, ta yi wanka ta sa sabon zane. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Tahiru ya shigo a shirye, ya ma tanadi amsar da zai ba ta in ta toshe hanci. Ba ta toshe ba.

"Sannu da zuwa, Tahiru," in ji ta.

Tahiru! Rabon da ya ji sunansa na yanka a bakinta tun suna yara. Suka gaisa, ya yi mata barka da fita, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya warware buzun a gabanta.

Matan da suka rage suka matso suna salati. "Wallahi Na'ibi ne!" in ji wata. "Ga tambarinsa nan!" Suwaiba ta jawo buzun kusa da ita. Ta aza hannu a kan gashin tana shafawa daga baƙi zuwa fari. Ta kai tafinta kan tambarin ta bar shi nan.

"Nan Malam ke dafawa in sun dawo daga masallaci," in ji ta. Hawaye suka zubo mata. "Na sha zaginka, ɗan kawu, amma na san in na ba ka abu na ba mai shi. Allah ya saka maka. Allah ya jiƙan kakanka na birni."

Da zaginsa ta yi, da ya ji sauƙi. Ya zauna yana kallon hannunta a kan baƙin kanti, wanda ya bari ya yi minti ashirin kafin ya wanke. Ya tuna goshinta zai sauka a kan abin nan sau biyar kullum, tana yi wa mijinta addu'a a kan ragon da Malam bai taɓa gani ba, har iyakar ranta. Ladan ya kira azahar. Suwaiba ta ce wa Nazira ta kawo mata buta.

"Dakata," in ji Tahiru.

Ba wanda ya ji shi, sai da ya sake. "Dakata, Suwaiba. Kada ki hau shi. Ba Na'ibi ba ne."

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa, kuma karo na farko a rayuwarsa ya ba da labari bai ƙara masa gishiri ba: Mushe da salularsa, hannun da ya zarce kan kututture, kasuwar Agiye, mahaucin Gazawa, har mai kanti. Wata daga cikin matan ta so ta yi dariya a wurin mai kanti, ta haɗiye.

Suwaiba ta janye hannunta daga kan buzun. Ba ta yi faɗa ba. Amma Tahiru ya ga yadda fuskarta ta faɗa. Ya san yau ya sake karɓe mata wani abu, a ranar da ya kamata ta huta.

"Abu ɗaya na roƙa," in ji ta a hankali.

"Na sani."

"Ka jefar da fatar?"

"Subhanallahi. Ni?"

Ya buɗe burgamin ya ciro ta. Kunya ta hana shi warwarewa, Nazira ce ta karɓa ta shimfiɗa. Jar fata ce sumul, ba gashi ko ɗaya, ba baƙi ba fari, fatar kowane rago a duniya. Ga shi kuma tana da aibi, wanda ya daɗe yana ba Tahiru haushi: a wajen haƙarƙarin dama akwai wani tsohon tabo mai tsawon ɗani, ya tafi a karkace, da ɗige-ɗige gefe da gefe. Gashi ne ya rufe shi, da gashin ya tafi ya fito fili.

"Ko jimar ma ba ta yi kyau ba," in ji shi. "Ga wannan tabon. Na yi na yi ya ɓace, ya ƙi."

Suwaiba ta sunkuya. Ta kai yatsa kan tabon, ta bi shi daga farko. Ta tsaya a ɗigo na farko, ta wuce na biyu, leɓenta na motsi.

"Nazira," in ji ta, "zo ki gani. Ɗinkin babanki ne."

Nazira ta durƙusa kusa da ita.

"Na'ibi na ɗan wata biyar ya faɗa kan ƙarfen garma, cikinsa ya tsage. Kowa ya ce a yanka. Malam ya ce a'a. Ya ɗauko allurata ta ɗinkin katifa da zaren buhu, ni na danne ƙafafu, shi yana ɗinki yana karatu, ragon na kuka, shi ma hawaye na zuba har bai ganin inda yake soka allurar. Ga nan inda ya soke yatsansa ya yi tsalle. Kin ga yadda layin ya kauce?" Ta ƙirga har ƙarshe. "Tara. Na ce masa sha biyu ya kamata, ya ce tara ta isa."

Tahiru ya matso ya duba da idon sana'a, don wannan bai iya hana kansa.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji shi, "amma wannan ba ɗinki ba ne. Ko ɗaya ba ta yi daidai da 'yar'uwarta ba."

Wani sauti ya kuɓuce wa Suwaiba. Nazira ta kama ta, tana zaton kuka ne. Kukan ne, amma da dariya a cikinsa, dariyar da gidan nan bai ji ba wata huɗu da kwana goma. Ta yi ta har tana riƙe ciki, hawaye na sauka a kan jar fatar.

"Bai iya ba!" take cewa. "Wallahi bai iya ba! Shekara talatin da ɗaya ko maɓalli bai taɓa ɗinka daidai ba!"

Da ta lafa ta share fuska da gefen mayafi. Ta ɗauki fatar da hannu biyu ta rungume a ƙirji, ta tura buzun gabansa da ƙafa.

"Wannan ka tahi da shi, kai ka fi ni bukata. Istigfarin da ke gabanka tabarma ba ta iya ɗauka."

"Ki yahe mini, Suwaiba."

"Yahewa sai na yi shawara. Labarin dai kowa sai ya ji shi, daga nan har Gidan Rumji, da mai kanti da komai." Ta karɓi butar daga hannun Nazira, ta tsaya, ta ja hanci sau biyu, ta waiwayi matan. "Ku ba ku ji wani abu ba? Tashi ka ba ni wuri, Sarkin Wari, in yi salla."

Tahiru ya naɗe buzunsa ya miƙe. A bakin zaure ya waiga. Ta shimfiɗa jar fatar ta fuskanci gabas, tana ta juya ta, tana gyarawa, har ɗinkin nan tara ya zo daidai inda goshinta zai sauka.